Baba Bai Yarda a Ce Musu Baƙi Ba

Jiya a tashar Gusau direba ya ce mana, "Ku dakata, baƙi sun tare hanyar Tsafe." Nan take Baba, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa a zaurensa, ƙwaryar fura na gefe tana ƙamshin citta, sai maƙwabcinmu ya shigo, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, baƙi sun kore shanu wajen Mada."

Baba ya ajiye gyaɗar. "Waɗanne baƙi? Wa ya shimfiɗa musu tabarma?"

"Haka ake faɗi yanzu. Ba a san mai saurare ba."

"To ka ce ɓarayi, ko ka yi shiru. Kada ka ba su sunan wanda nike aje wa furar ga."

Kullum sai ya ajiye furar baƙo, ko da ba wanda ya zo.

Ni kuwa jiya, da wata tsohuwa ta tambaye ni me ya tsayar da mu, sai na waiga hagu da dama, na ce, "Baƙi ne, Inna."

Allah ka haskaka kabarinsa, ka ba mu ko rabin zuciyarsa.