Rabona a Kamiyon Albasa

Mu biyu muka mallaki kamiyon, ni da ɗan gwaggona. Tsohuwar mota ce mai ƙafa goma, hannun wani Bature mai harkar katako muka saye ta lokacin da zai koma ƙasarsu. Ni na zuba gadon da mahaifina ya bari daga fawa, shi ya zuba abin da ya tara a cinikin goro. Rabi nawa, rabi nasa, ba mu rubuta komai ba. Taubasai ne mu, a layi ɗaya muka tashi a unguwar New Bell ta Duwala, tun muna yara kowa na cewa ɗayan ne bawansa.

Albasa motar take ɗauko mana daga Garwa, ta koma da gishiri da sabulu. Sawu biyu a wata in hanya ta yi kyau. Ba mu yi arziki ba, amma gidajenmu biyu ba su taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba.

Sai abin da masu Faransanci ke kira la crise, wato karayar tattalin arziki, ya shigo. Aka yanke albashi, bankuna suka rufe ƙofa da kuɗin mutane a ciki, sannan aka shiga watannin da ake rufe gari daga Litinin zuwa Juma'a, shago ba ya buɗewa, mota ba ta motsi. Akwai sawun da kamiyonmu ya iso unguwar Village, a bakin gari ta hanyar Yawunde, ya tarar an tare mahaɗar Ndokoti da tayoyi masu ci da wuta. Kwana huɗu yana tsaye, ana ruwa. Albasa ba ta jure ruwan Duwala. Da muka kwance tamfol, sai da muka biya masu baro suka kai ta juji.

Mun lallaɓa shekara biyu bayan wannan, sai injin ya buga a hawan dutsen Ngaundere. Aka jawo motar zuwa wani gareji a Ndogpassi. Bakanike ya ce babu gyara, sai dai wani injin, kwance, irin wanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Kuɗin da ya faɗa, ko mun sayar da katifunmu ba za mu haɗa ba.

Hanya biyu ce a gabanmu. Akwai tontin, adashin ’yan kasuwar Bamilike, suna ba da rance a biya duk wata da ruwa a kai. Akwai kuma wani Bakano, sabon zuwa, yana sayar da yadi a kasuwa, an ce yana neman inda zai sa kuɗi. Ni na ce tontin. Ɗan gwaggona ya ce Bakano, a ba shi kashi ɗaya cikin uku.

“Kai bawa,” in ji shi, “mota ta yi tafiya ko ta kwana a gareji, ranar biyan tontin ba ta matsawa. Ka manta albasar Village? Abokin tarayya kuwa, in an samu ya ci, in an rasa ya sha ruwa tare da mu. Ga riba, ka san hukuncinta.”

Na ce, “Ya ci har abada ke nan. Bashi shekara ɗaya ka gama da shi. Abokin tarayya sai dai likkafani ya raba ku.”

“Kai dai ba ka son a taɓa rabinka.”

“Eh, ba na so.”

Mako uku muna wannan, motar na zaune, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Daga ƙarshe muka kai maganar wurin wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ke kasa naman watanda a unguwarmu. Watanda dai an sani: a haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa kashi-kashi. Dokarta a wurinmu ɗaya ce, mai kasawa ba ya zaɓe, kashin da kowa ya bari shi zai ɗauka. Saboda haka ba ya yarda wani kashi ya fi wani.

Bayan la'asar muka same shi a rumfar masallaci. Ya saurare mu har muka gaji.

“Tunda ba ku jitu ba, ɗaya ya fita,” in ji shi. “Ɗayanku ya yi wa rabin motar kuɗi. Ɗayan ya zaɓa, ko ya saya a kan haka, ko ya sayar a kan haka. Wa zai kasa?”

Na ce ni.

Zan faɗi abin da ke raina a lokacin, don babu amfanin ɓoyewa yanzu. Na san ɗan gwaggona ba shi da ko sisi. Ambaliyar daminar nan ta rushe masa katanga, duk abin da ke hannunsa ya tafi a bulo. Ni kuwa na riga na yi magana da mutanen tontin a ɓoye. Na lissafa cewa dole ya sayar, to me zai sa in yi tsada? Rabin motar, ko babu inji, ya kai sefa miliyan biyu, na sani. Na ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Dattijon ya dube ni. “Ɗana, ka duba kashin nan da kyau. Kai ɗan mahauci ne.”

“Na duba, Baba.”

“In shi aka bar maka, za ka ɗauka ba ka ɓata rai ba?”

“Zan ɗauka.”

Ɗan gwaggona yana ta sakace da tsinke. Ya tofar, ya ce, “Na saya. Baba, a ba ni mako ɗaya.”

Ban manta da Bakanon ba. Na dai ɗauka baƙo ba zai zuba kuɗi a motar da kaji ke kwana a ƙarƙashinta ba. Daga baya ɗan gwaggona da bakinsa ya ba ni labarin yadda suka yi. Mutumin ko zagaya motar bai yi ba. Tambaya uku ya yi: sawu nawa take yi a wata, me ke saura a kowane sawu bayan mai da direba da jandarmomi, kuma sau nawa a shekara take kwana a hanya. Da ya ji manoman Garwa suna ba mu albasa sai mun sayar mu biya, kuma direbanmu ya san kowane shinge da wanda ke tsaye a kansa, sai ya ce wannan yake saye, ƙarfen kuwa a ko'ina ana samu. Ya biya rabina, ya sayi inji, suka daidaita a tsakaninsu.

A baƙar leda aka kawo mini kuɗina, gaban dattijon. Na ƙirga, sun cika. Ban kai banki ba, na ga yadda bankuna suka yi da mutane. Na sa a akwatin ƙarfe, na fara cinikin wata tasi kwance a hankali, ina ja mai ita yana ja, don ban ga dalilin sauri ba.

Ba a yi wata biyu ba rediyo ya ce an karya darajar sefa. Da farko ban gane ba, takardun da ke akwatina ba su canza kala ba. Da na koma wurin mai tasi na gane. Duk abin da ke sauka daga jirgi ya ninka. Ya ce in kawo ninkin abin da muka tsaya a kai, ko in ba shi wuri. Injin kamiyon kuwa an riga an ɗaura shi da tsohon farashi.

Abin da kuɗin suka iya saya mini shi ne firiza ɗaya da tebur a layin mahauta, kusa da inda mahaifina ya tsaya. A nan nake har yau.

Kamiyon ya ƙara shekara shida yana zirga-zirga, sannan ya kife a gangaren dutsen nan na Ngaundere, ba a rasa rai ba. Mutane suka yi ta zuwa teburina suna cewa Allah ya tsare ni da na fita. Na amsa musu da amin. Sawu biyu a wata har shekara shida, wannan lissafin ko ni da ban wuce allo ba na iya shi. Kafin ya kife sun riga sun sayi na biyu.

Ban yi gaba da ɗan gwaggona ba. Ni na faɗi kuɗin, da bakina, gaban shaida. Yana zuwa sayen nama, yana neman gyara, ina hana shi.

Da dattijon ya rasu, aka ce ni zan riƙa kasa watandar layinmu. Duk jajibirin Sallah ina durƙushe kan buhunan da aka shimfiɗa, ɗan gwaggona na tsaye a kaina da ledarsa. Bara ma sai da ya ce, “Bawa, ka duba kashin nan da kyau.”

Na duba. Na ɗauke tsokar hanta ɗaya daga na gefen dama na mayar na tsakiya, na ce su zaɓa.