Ranar da Na Ba Bido Iska

Shekara tara na yi ina sayar da fetur a bakin hanya tsakanin Malbaza da Tsarnawa, sana'ar da muke ce wa ruwa-ruwa, kafin in koma dillancin albasa. Hancina ya ga duniya. Na taɓa zama kan ɗanyun fatu a bayan mota har Ƙonni ina cin gyaɗa. Amma duk wannan turare ne in aka gwada da abin da ɗiyata ta ajiye mani a gida bazarar bara.

Tana ajin kusa da na ƙarshe a lise, wato sakandare. Mushensu na shimi, wato malamin da ke koya masu haɗa sinadarai, ya ce za a yi gasa a Ƙonni, kowace lakwal ta kawo abin da ɗalibanta suka ƙirƙira, wanda ya zo na ɗaya a kai shi Tawa. Yarinyar nan ba ta taɓa zuwa Tawa ba, ta sa abin a ranta.

"Baba, ruɓaɓɓiyar albasar da kuke zubarwa nake so. Da kashin shanu, ɗanye."

Na ce, "Uwata, lakwal na sa ki ko bola?"

Ta ce gas za ta yi, irin na dafa abinci. Ta dama albasar da kashin da ruwa, da hannunta, hannun da take miƙo mani fura. Ta ɗura cikin babban bido rawaya, jarka irin ta fetur, ta toshe, ta ja tiyo daga kafaɗarsa zuwa tib ɗin tayar mota. Wai can gas zai taru, sati uku.

Sati ukun nan ƙudajen garin Alela ma sun zo mana ziyara. Akuyarmu, wadda ke cin leda da kwalin siminti, ta daina bi ta lungun da bidon yake. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya yi mani gaisuwar rasuwa, ya ce bai san ko wa aka rasa ba, amma ya ji alama. Ni kuwa in na kai loma baki sai in ji kamar daga bidon aka kwaso miyar. Kowace safiya yarinyar tana tsugunne tana latsa tib ɗin, tana rubutu a kayenta, littafin lakwal, tana murmushi kamar mai renon jinjiri. Tib ya yi ta kumbura har ya yi ƙiba kamar ɗan kasuwa.

Ana gobe gasa, da azahar, tana lakwal, na fito na ga bidon a rana ya kumbura, cikinsa ya yi tsini. To, duk wanda ya yi ruwa-ruwa ya san wannan: bido in ya kumbura a zafi, kwance masa murfi ake yi kaɗan ya sha iska, in ba haka ba ya fashe. Hannuna ya yi haka sau dubu dubu, ba ya neman shawarar kaina. Uwar ɗakina, wato matata, ta hango ni daga madafa.

"Malam, ta ce kada a taɓa fa."

Na ce, "Ke, bido za ki koya mani?"

Na murɗa.

Jama'a, ban san kashin shanu na da fushi ba sai ranar. Murfin ya tashi sama, ina jin bai sauko ba har yau. Abin ya taso ya same ni a fuska, a gemu, a cikin kunne, kuma bakina a buɗe yake don ina shirin cewa "kin gani." Ɗumi gare shi. Wannan ɗumin ne ba na yafewa. Na tsaya ina tofi ina amai, tib ɗin kuwa yana ta huci yana lotsewa, har ya kwanta shame-shame kamar tabarma.

Wanka bakwai na yi, da sabulu, da toka, da omo. Matata ta ɗauki rigata da sanda ta kai bayan gari.

Da ɗiyata ta dawo, ba ta yi kuka ba. Ta dubi tib, ta dube ni.

"Baba, wa ya buɗe?"

"Iska na ba shi, Uwata."

"Iskar ce gas ɗin, Baba. Ita nake tarawa."

Duk da haka washegari na goya ta a babur da bidonta muka tafi Ƙonni. Ta tsaya gaban alƙalai uku ta yi bayani da Faransanci, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ɗayansu, ya toshe hanci da hankici, ya ce a kunna su gani. Ta ƙyasta ashana huɗu. Ba komi. Ya tambaye ta ina shaidar cewa gas ya taɓa fitowa. Na miƙe daga bayan ɗaki na ce, "Mushe, ga ni, matso ka shaƙa." Ɗaki ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Wasu samari da suka yi sabulu mai ƙamshin lemo suka tafi Tawa. Sabulu! Abin da kakata ke yi da toka tana gyangyaɗi. Na so in yi masifa, sai na tuna wanda ya murɗa murfin, na haɗiye, da sauran ɗanɗanon jiya a maƙogwaro.

Kwana biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ran na shida na ɗauki bokiti na tafi garken wani abokina, na kwashi kashin shanu da hannuna, na haɗo da buhun albasar da ta fi kowace ruɓewa a kasuwa, na dire gabanta. Ta dama. Wannan karon ta ɗaure sabon murfi da waya, ta rubuta a jikin bidon: BABA, A'A.

Bayan sati uku ta kira ni lungun. Ashana ɗaya, wuta ta kama, shuɗiya, ba hayaƙi. Ta ɗora buta ta dafa shayi, ta miƙo mani kofin farko. Na dubi kofin, na dubi bidon, na tuna ɗumin nan.

"Sha mana, Baba," in ji ta, tana kallona ba ƙyaftawa.

Na toshe hanci na shanye. Ta sake cikawa.