Muryar 'Yar Farina

Murfin langa ne ya fara karkarwa, zirr, zirr, don a kansa na ajiye waya ina tankaɗen garin dawa. Bai fi sati ba da ƙanena ya saka ni a guruf ɗin danginmu. Na goge hannu a zani na danna.

Muryar yarinya ce, tana dariya har numfashinta na sarƙewa. "Mama Ƙarama, dambun nan naki ko kaji sai an roƙe su. Bari in zo hutu in koya maki." Ƙanwata da ke aure a Kusada ta mayar mata: "Ja'ira, zo ki same ni, muciya na jiranki."

Sai da na sake saurare kafin na yarda 'yar farina ce. Tana ɗaki a lokacin, bango ɗaya tsakaninmu.

A gidanmu na Kankia ba a sakin fuska da ɗan fari. Haka mahaifiyata ta yi da yayanmu, haka ni ma na bi. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko in aiki autata ta kira ta. Ita kuma iyakarta "na'am" da "to", kai a sunkuye. Na ɗauka haka Allah ya halicce ta, marar magana, har ina yaba mata a zuci.

Ashe maganar tana nan, wata ake kai wa.

Daga ranar na koma mai laɓe a wayata. Can take tsokana, can take ba da labarin makaranta, har kwaikwayon muryar mai awarar unguwarmu take yi. Wata Juma'a ta ɗora hoton ƙanwata da doguwar addu'a a ƙasa. Na rubuta "Amin" kamar kowa, sannan na tashi na yi alwala, don abin da ya zo mini a rai ba na alheri ba ne. Ni na yi naƙudarta, ni na yi jinyar ƙyandarta, wata na kwasar dariya.

Da muka haɗu wurin suna a Yashe, na zuba ido. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe da ƙanwata, ta koma gefe shiru, tana wasa da bakin hijabi. Allah ya yafe mini, na ji sanyi. Amma muna shiga mota ta ciro waya, murmushin ya dawo.

Sai na ce ni ma bari in bi ta can. Na shiga madafa na danne wurin ɗaukar murya. Sunan ya zo bakina ya tsaya. Abin da ya fito kawai: "Ke, in kin taso Islamiyya ki biyo da daddawa." Sai na ƙara da: "Allah ya yi maki albarka."

Amsa ta zo a rubuce: "To Umma." Ko ɗan hoton dariyar nan babu. Daddawa ta iso, na yi miya, ban sake gwadawa ba.

An kwana biyu ina yi wa auta kitso, kanta a cinyata, sai ta ce:

"Umma, ki yi wa Yaya magana, ta ishe ni da daddawarki. Kullum sai ta kunna saƙon muryar nan naki ta kara a kunne, in ta zo wurin albarka ta sake maidowa."