Telan da ya ce bai iya ba

Na taɓa yin wani aiki ta kwamfuta daga ɗakina a unguwar Fadaman Mada. Ana rubuta wa manhajar AI bayanin kowane kayan aiki da za ta ɗauka, kamar na aika saƙo, ni kuma in ba bayanin maki. Manhajar baƙuwa ce, abin da aka rubuta mata shi take gaskatawa.

Wata rana aka turo min wani bayani mai daɗin baki: wai kayan aikin yana bincike, yana lissafi, yana fassara, komai ya iya. Nan take hankalina bai kwanta ba. Na tuna wani tela a unguwar Wunti da ko wane ɗinki ka nuna masa sai ya ce, "Kawo, malam, an gama." Shi ya mayar min da shaddar Sallah buhu. Telan da ke maƙwabtaka da shi kuwa ya taɓa ce min, "Wannan ban iya ba, je gaba." Har yau shi ke min ɗinki.

Sau uku na karanta bayanin ina neman inda ya ce bai iya ba. Babu. Na ba shi maki ɗaya kacal.