Harsashin Babana A Cikin Daddawa

Komai daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta ranar da na ratsa Kuala Lumpur da harsashi a cikin safata. Na gama karatu, na dawo gida, furfura ma ta fara leƙowa, amma har yau in na ji ƙanshin daddawa sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Gidanmu gidan mafarauta ne. Akwai wata 'yar siririyar bindiga da kakanmu ya bari, irin wadda ake ce wa tu-tu, harsashinta bai fi gaɓar yatsa ba. Ba ta manyan namun daji ba ce. Aikinta zabi da zomo, sai gada in an taki sa'a. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda shan hannu, kuma tana da takardarta ta hukuma. Daga kaka ta koma hannun babana. Shi kuwa yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da muka dawo daga daji, da mun hango gidajen gari sai ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya zare harsashin da ke ciki ya jefa a aljihu. Ni a lokacin haushi abin yake ba ni, ga yunwa, ga nauyin zabi a kafaɗa. Shi dai sai ya ce, "Ba na shiga cikin mutane da ita a ɗane."

A al'adar gidanmu, in mai bindigar ya rasu, harsashin ƙarshe da ya zare da hannunsa shi ake ba magajinsa. Da shi magajin zai yi harbin farko, kafin nan ba mai taɓa ta. Na san wannan tun ina ƙarami, amma ban taɓa kawo wa raina cewa al'adar za ta hau jirgin sama ta biyo ni ba.

Ina tsakiyar digirina na uku, muna zaune a unguwar Sri Petaling ta Kuala Lumpur da matata da 'yarmu ƙarama, aka bugo mini cewa Baba ya rasu. Ban samu zuwa ba, fasfona yana can ana sabunta biza. A waya na karɓi gaisuwa, a banɗaki na yi kukana don kada yarinyar ta gani.

Bayan 'yan watanni matar wani abokina ta dawo daga Kano. Duk wanda ya zauna a can ya san yadda ake yi: mai zuwa daga gida shi ne motar kowa, a loda masa kuka da kuɓewa da yaji, ya ɗauko bai san ma abin da ke ciki ba. Namu ƙullin daga wajen Baffa ya zo, ƙanin babana. Matata tana juye daddawa a roba sai ga wani ɗan ƙunshin fata ya faɗo, an ɗinke shi tsaf. Ta ce, "Kai, Baffa har da laya?" Muka yi dariya. Na sa reza na farke ɗinkin, abin ya sulluɓe ya gangara a kan tayil, gindinsa na tagulla yana ƙyalli. 'Yarmu ta bi shi da gudu tana cewa, "Abba, what's that?" Ban san lokacin da na fizge ta ba.

Tun makon da muka sauka a ƙasar aka ja mana kunne a jami'a: ƙwaya da makami, ba a yi wa kowa sassauci. Harsashi ɗaya ba da lasisi ba ya isa ya kai mutum kurkuku, balle baƙo, balle baƙar fata mai koren fasfo. Tallafin karatuna, bizar iyalina, shekarun da na kashe a kan bincike, duk ga su nan kwance a kan tayil. Sai kuma na tuna baiwar Allahn da ta ratso filayen jirgi da shi a akwatinta, da goyo a bayanta.

Na kira Baffa. Muryarsa cike da farin ciki ya ce, "Ya iso ke nan? Alhamdu lillahi. Ai da gangan na cusa shi a daddawa, na san ba mai son tona ta."

Na ce, "Baffa, nan fa ba gida ba ne. Ɗaure mutum ake yi a kan wannan."

"A kan wannan ɗan mitsitsin? Abin da ko zabo sai an saita masa kai? Kai dai ka adana. A aljihun rigar ubanka na same shi. Ranar da ka dawo, da shi za ka buɗe bakin bindigar."

Da na ajiye wayar matata ta ce, "Baban yara, wallahi abin nan ba zai zauna mana a gida ba." Na ce ta ba ni lokaci. Ta fi ni gaskiya, na sani, amma ni da ban ga gawar ubana ba, ban zuba masa ƙasa ba, wannan ne kaɗai abin da ya iso gare ni wanda hannunsa ya taɓa. Na ɓoye shi a buhun shinkafa, na ciro, na sa a cikin takalmi, na sake cirowa. A unguwarmu jami'an shige da fice kan zo samame lokaci-lokaci, saboda haka ko mai kawo gas ne ya ƙwanƙwasa ƙofa sai na leƙa ta taga kafin in buɗe. Matata ta zuba mini ido har ta gaji, rannan ta ce, "To na ji, ka ajiye. Ranar komawa ta ina za ka fita da shi? Sa'ar da waccan ta samu kai ma ita kake jira?"

Kwandon shara dai ban iya ba. Ba zan haɗa shi da ragowar miya ba. Sai na tuna tafkin Titiwangsa, inda muke kai yarinyar shan iska. Da hantsi na tura shi cikin safa, na ɗaure takalmi, na hau LRT, jirgin ƙasa na cikin gari. Kowace tasha in ƙofa ta buɗe sai in ga kamar ni aka zo ɗauka. Sanyin jirgin nan da nake ƙorafi a kai kullum, ranar gumi nake yi a cikinsa. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ta dube ni ta matsa mini wuri in zauna, na ƙi, don in na zauna wandona zai ɗage.

Ina fitowa daga tashar Titiwangsa sai ga 'yan sanda biyu a bakin matakala suna tare baƙi. Juyawa ba ta yiwuwa, sun riga sun gan ni. Ɗayan ya miƙo hannu ya ce, "Passport, boss." Na ba shi da katin ɗalibi. Ya duba hoto, ya dube ni, ya ce in buɗe jaka. Littattafai ne da gorar ruwa. Ya ce in juye aljihu, na juye. Harsashin nan kuwa ya zame ya koma ƙarƙashin tafin ƙafata, ina tsaye a kansa, ina jin sa kamar ƙaya. Duk addu'ar da na sani ta gudu, sai "Hasbunallahu" kawai nake maimaitawa a zuci. Ya ce, "Why sweating so much?" Na ce zafi ne. Ya yi dariya ya ce, "Africa more hot, lah," ya miƙo mini fasfona. Na yi godiya da wata murya da ban san tawa ba ce.

Da ɗingishi na ƙarasa tafkin. Na sami inda ba mutane, na zauna kamar mai gyara takalmi, na ciro shi. Ko a nan ma sai da hannuna ya ƙi buɗewa. Ina juya shi ina kallo sai tsamiyar nan ta faɗo mini a rai. Wannan harsashin fa ba wanda Baba ya harba ba ne. Wanda ya zare ne a bakin gari, don kada ya cuci kowa. Ni kuma ga ni na shigar da shi tsakiyar garin mutane, na ajiye shi a ɗakin da 'yata take wasa. Na yi wa Baba addu'a, na sake shi a ruwa. Ko ƙara bai yi ba. Na daɗe a wurin ina kuka.

Baffa ban gaya masa ba sai da na dawo gida gaba ɗaya. Bayan an gama gaishe-gaishe ya miƙo tafin hannu ya ce, "Ina amanar?" Na ba shi labari tun daga daddawa har tafki, kaina a ƙasa. Can ya ce, "Yarinyar da ta kai saƙon, da goyo ka ce?" Na ce e. Ya girgiza kai, ya shiga ɗaki, ya fito da bindigar. Ya buɗe ta, ya nuna mini cikinta ba komai, sannan ya ɗora mini ita a hannu biyu. Ya ce, "Haka ubanka yake miƙa ta. Ni ne na manta."

Tana nan a wurina yanzu, kuma tun daga ranar ban sake ɗaukar saƙon da ban buɗe ba, ban kuma ba wani nawa a ɗinke ba, ko na wane ne. Na koyi cewa abin da yake girmamawa a gidanku yana iya zama bala'i a ƙofar wasu, kuma mai ƙaunarka ma yana iya jefa ka a rami da kyakkyawar niyya. Harsashin yana can ƙasan ruwa a ƙasar da Baba bai taɓa takawa ba. Abin da na gada a wurinsa shi ne tsayawar nan a gindin tsamiya.