Kawu Rumbu da Masu Ɗaukar Makara

Duk wanda ya gaisa da Kawu Audu a shekarunsa uku na ƙarshe ya san tambayar da ke biyo bayan ina kwana. Zai kama gefen rigarsa ya ja, ya ce, "Tsakaninka da Allah, na ragu?" In ka ce ya ragu, ya ce kai maƙaryaci ne. In ka ce bai ragu ba, ya ce idonka ya fara lalacewa. Ni da nake ɗan ƙanwarsa, na sha zagin kowanne.

Kun dai san shi, ba a banza aka sa masa Rumbu ba. In ya shiga motar Tsanyawa, kwandasta ba ya ma tsayawa gardama, wurin mutum biyu yake ba shi. Kuma da can ƙibar ba ta dame shi ba ko kaɗan, cewa yake albarkar gero ce.

Ranar jana'izar yayansa Kawu Isa abin ya canja. Shi ma marigayin jikin gidansu ne da shi. Kun san nisan maƙabartarmu, ga hanyar 'yar siririya tsakanin gonaki, ga shi an kwana ana ruwa. Da muka zo gangaren rafi ƙafar mutum ɗaya ta zame, makara ta karkata, Allah dai ya kiyaye. Sai wani ya yi nishi ya ce, "Wash, nauyi." Ni ne na faɗa, kuma Kawu Audu yana bayana. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Bayan an watse daga zaman makoki ya ce in kai shi kasuwa a babur. Muna tafe ya ce, "Sani, ba za a yi nishi a ƙarƙashina ba. Na ba mutane wahala ina raye, ba zan mutu in ƙara musu ba."

Wani kemis muka shiga, ya nemi ƙwayar rage ƙiba da ya ji ana talla. Mai kemis ya karanta masa abin da ke jikin kwalbar, wai ƙwayar ba ta aiki ita kaɗai sai an rage ci, an kuma motsa jiki. Kawu ya kalle shi sheƙeƙe ya ce, "To in ni zan yi aikin, ita me za ta yi?" Duk da haka ya saya. Da muka dawo ya sa wuƙa ya raba kowace ƙwaya biyu, wai tunda rabin aikin nasa ne, rabin ƙwaya ya isa.

Ci kuwa ya rage shi da gaske, daga malmala uku zuwa ɗaya. Matarsa Inna Hajara har kuka ta yi, a zatonta girkinta ne ya daina daɗi. Sai dai kwaryar furarsa ta rana ba wanda ya isa ya taɓa. Da na yi magana ya ce abin da ba a tauna ba ba abinci ba ne, ruwa ne. Ranar kasuwa kuma ya je wajen masu sayen gyaɗa, ya bi layi tsakanin buhuna, ya hau sikeli. Ba ruwansa da kilo, tambayarsa ɗaya ce, saura tiya nawa ya koma buhu guda.

'Yarsa Saratu, wadda ke aikin jinya a Kunci, ita ta ce ya riƙa ɗan gudu da safe. Ya ce dattijo da farin gemu in aka gan shi a guje, gari zai watse a zaci gobara ce. Sai ya zaɓi nasa motsa jikin. Kullum da hantsi ya saɓa fartanya ya nufi maƙabarta da ƙafa, ya yi wa yayansa addu'a ya dawo. A hanya ya sare ƙaya, ya cike rami. Gangaren nan kuwa, dutse ɗaya ɗaya ya riƙa ɗaukowa yana dasawa. Muna ta yi masa tsiya wai ya ƙagara ya tare a sabon gida, shi kuwa ko a jikinsa.

Ƙwayar ce ta so ta kai shi kafin lokaci. Ya fara jiri da bugun zuciya, ya ɓoye mana, har wata rana ya yanke jiki ya faɗi a gona. Saratu ta zo a fusace ta ƙwace kwalbar, ta ce mai hawan jini ba ya shan irin wannan ba tare da likita ya duba shi ba. Kwana uku bai yi mata magana ba. Daga nan ya haƙura da ƙwaya, amma tafiyar bai fasa ba ko rana ɗaya.

Bara bayan girbi ya yi zazzaɓin kwana biyu, Allah ya karɓi abinsa. Da aka sallace shi na yi sauri na sa kafaɗa a gaban makara, da niyyar sai na kai shi har bakin kabari ko da zan karye. Ban yi taku goma ba aka dafa ni aka karɓa. Jama'a ta cika hanya har cikin gonaki, kowa na neman ladan ɗaukarsa, ba wanda ya samu ya gaji.

Gaskiya zan faɗa, Kawu bai koma buhu guda ba. Amma a gangaren rafi ɗauka ta sake zagayowa kaina, na sa ƙafa na ji dutse a ƙarƙashina, daram, inda ya dasa shi da hannunsa. Muka sauka muka haura, ba wanda ya zame, ba wanda ya yi nishi. A nan kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Kawu Audu, ya yafe masa, ya yafe mini kalmar da na faɗa. Yadda ya sauƙaƙa mana hanya, Allah ya sauƙaƙa masa tasa, ya nauyaya mizaninsa. Amin.