Baba da Makahon Ɗan Tsako

Babanmu direban babbar mota ne, har ranar da ciwon baya ya raba shi da sitiyari. Mu biyar Inna ta haifa, kuma ta rantse ba wanda ya taɓa ɗauka yana jariri. In an miƙa masa sai ya ce hannunsa da baƙin mai. Da ya dawo gida ya zauna, ya rasa abin yi, sai ya koma binciken wa ya bar famfo a buɗe, wa ya taɓa masa rediyo.

Ana haka kazar Inna ta yi ƙyanƙyasa. Cikin 'yan tsakin akwai ɗaya mai idanu fari fat, kamar an ɗiga musu madara. 'Yan'uwansa na bin uwa, shi yana tsaye yana ta kuka, in ya taka sai ya yi karo da bango. Uwar ma sara take kai masa. Inna ta ce a ƙyale shi, ba mai rayuwa ba ne.

"Wa ya gaya miki?" in ji Baba. "Motar da aka ce ta mutu nawa na tayar?"

Ya juye kwalin da Inna ke ajiye kofuna, ya shimfiɗa sabon tawul ɗinta a ciki, ya cusa kwalbar ruwan ɗumi a safa ya ajiye a gefe. Ya raɗa wa tsakon suna Lalube. Abinci ne ya zama aiki, don Lalube iska yake ta tsattsaga. Sai Baba ya zuba tsaki a murfin gwangwani, ya riƙa ƙwanƙwasa murfin da farce, har tsakon ya gane inda ƙarar take nan abinci yake. Ruwa kuwa sai ya kama kansa ya tsoma bakin. Mutumin da ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki takalminsa, ga shi durƙushe tun hantsi.

Daga nan muka shiga uku. Lalube ya haddace tsakar gida, saboda haka aka hana matsar da komai. Kujera, bokiti, kwandon wanki, kowa da wurin fakinsa. In na taho da tire sai in ji tsawa: "Ke, taka birki! Ba ki ga hannunsa ba ne?" Ranar da ƙanwata ta bar kwano da ruwa a hanya Lalube ya faɗa ciki, Baba ya yi fushi ya ƙi cin abinci.

"Malam," in ji Inna, "yarinyar nan ta taɓa faɗawa kwata tana tatata. Cewa ka yi gobe ta riƙa duba gabanta."

"Ita tana da ido," in ji shi.

Lalube bai mutu ba. Ya girma ya zama zakara, kuma da yake bai san wayewar gari ba, duk sanda ransa ya so yake cara: da rana tsaka, lokacin cin abinci, ko ana tsakiyar gaisawa da baƙi. Maƙwabcinmu tela ya zo ƙorafi, wai an hana shi barcin rana. Baba ya dube shi ya ce, "Kai mai ido biyu, yaushe ka taɓa gama ɗinki a kan lokaci?" Inna ce ta bi shi har ƙofa tana ba da haƙuri.

Da ciwon bayan Baba ya tsananta aka kwantar da shi a asibiti, duk wanda ya je dubiya, kafin ya zauna an tambaye shi ko zakara ya ci. Bai ci ba. Inna ta watsa masa hatsi ya taka ya wuce. Sai na same ta tsugune tana ƙwanƙwasa murfi da farce, tana cewa, "Ci, ɗan banza, ci, kada a ce ni na kashe ka." Ta ɗago ta harare ni. "Kika gaya masa, sai na ci mutuncinki."

Ko da aka sallamo Baba, labari ya riga ya zaga unguwa. Wata safiya muka ji sallama, sai ga matar mai kanti rungume da gurguwar agwagwa, wai an ce mata nan ake kawowa. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya riga ya miƙe yana dogara sanda.

"Ina wani kwalin?" ya ce.